Likita, me ya haɗa tarin fuka da maganin kutare?

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah a taimaka min. Ƙanina ne ke fama da tibi, ya sha magani bai ji sauƙi ba sai aka ce irin mai taurin kai ne aka canza mai ƙwayoyi, to yanzu duk fatarsa ta rine ta yi duhu ja-ja, wani ya duba sunan ɗaya ƙwayar ya ce ai ta kutare ce. Mama har kuka take, ta ce a daina ba shi. Kuturta ce ake ɓoye mana? Daga wata 'yar uwa a Maraɗi.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba kuturta ba ce, kuma dan girman Allah kar a daina.

Daga bayaninki clofazimine ce, 'yar ƙwaya mai ruwan ƙasa, kuma eh ana ba masu kuturta, amma kin ga tun asali don tarin fuka aka haɗa ta a Dablin, babban birnin ƙasar Ireland, a 1954, da aka gwada a dabbobi ba ta burge ba sai aka ajiye ta gefe, daga baya a Uzuakoli can kudancin Najeriya aka gwada ta a kan kuturta ta yi aiki. Da tibi mai ƙin jin magani ya yi yawa sai masu bincike suka waiwayo ta. A Bangaladash an haɗa ta da wasu magunguna na wata 9, sakamakon da ya fito a 2010 kusan 88 cikin 100 sun warke, alhali da sai mutum ya kusa shekara 2 yana sha. Nan Nijar ma an gwada irin haɗin an dace, a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Rinewar kuwa ita ƙwayar kanta rini ce, tana zama a kitsen jiki, har fitsari da gumi sai su yi ja. Bayan ya gama za ta washe, sai dai a hankali, watanni ne. Abin da ke ci min rai shi ne surutun mutane ke sa marasa lafiya jefar da maganin, ciwon ya dawo ya fi da, ya kama 'yan gida.

Ya riƙa shafa mai saboda bushewar fata. In ya ji bugun zuciya, jiri ko ciwon ciki mai tsanani a koma asibiti ranar. Ki tafi da Mama ta ji da kunnenta.