Tambayoyinku: Ziyarar Manchesta, Birnin da Auduga ta Gina

Wasiƙun wannan karon sun karkata ne kan Manchesta da ke arewa maso yammacin Ingila, birnin da a da ake wa laƙabi da birnin auduga. Mun miƙa su ga masu yi wa baƙi jagora a can, ga kuma amsoshinsu.

Tambaya daga wani mai karatu a Kaduna: Mahaifina ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta. Zan je Ingila kwas, kuma ina da kwana biyu a Manchesta. Akwai sauran masaƙun da ake shiga a gani, ko duk an rushe?

Amsa: Malam, akwai saura, amma sai ka san inda za ka nufa, domin yawancin waɗanda ke tsaye a yau gidajen kwana ne da ofisoshi. A 1853 masaƙun auduga 108 ne a cikin birnin. Yanzu injinan da ke motsi sai a gidajen tarihi.

Ka fara da Science and Industry Museum da ke titin Liverpool Road. Shiga kyauta ne, sai dai gara ka kama gurbi ta intanet tun kafin ka taso. In ka hau jirgin cikin gari, wanda suke kira Metrolink, ka sauka a Deansgate-Castlefield, tafiyar ba ta kai minti goma ba a ƙafa. An kafa gidan ne a harabar tashar jirgin ƙasa ta 1830, wadda ita ce tashar fasinja mafi tsufa da ta rage a duniya. Da shigarka ka tambayi lokacin da za a tada injinan sashen saƙa, ka tsara sauran yawonka a kan wannan lokacin. Kuskuren da baƙi suka fi yi ke nan: su zo su iske injinan a kashe, su ɗauki hoto su wuce. In an tada su za ka bi audugar tun daga injin da ke shiɓe ta yana tsefe ta, zuwa na kaɗi mai ɗaruruwan mazarai a jere yana gaba yana baya, har ta isa ga injin saƙa inda ƙoshiya ke kai da komo ido ba ya iya bin ta. Ƙarar inji guda ta isa ta hana ka jin na kusa da kai. To ka ƙiyasta ɗaruruwa a ɗaki ɗaya. Shi ya sa ma'aikatan wancan zamani suka koyi karanta leɓe, da yawansu kuma suka kurumce, ƙurar auduga ta lalata musu huhu. Yara ƙanana ne ke rarrafe ƙarƙashin injin kaɗi suna tsince gashin auduga alhali yana aiki.

Za a kuma yi maka bayanin abin da ya sa sana'ar ta kafu a wannan yankin: ga kwal a kusa, ga tashar ruwa ta Liverpool, ga iska mai laima. Zare ba ya son bushewa. Duk wanda ya taɓa kaɗi da hunturu ya san yadda yake tsinkewa.

Daga nan ka gangara Castlefield, inda hanyar ruwan Bridgewater ta ƙare. An haƙa ta ne da hannu, aka buɗe a 1761 don kawo kwal cikin gari da jiragen ruwa. Gadojin jirgin ƙasa na ƙarfe da na jan bulo sun haɗu a kanta, ɗaya kan ɗaya. Guda daga cikinsu an mai da ita lambu a 2022, ana hawa a yi yawo a kai.

Unguwar masaƙu ta ainihi ita ce Ancoats, kamar minti goma sha biyar a ƙafa daga tashar Piccadilly. Ka bi titin Redhill Street da ke gefen hanyar ruwan Rochdale, za ka ga Murrays' Mills, wadda aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1790, da Royal Mill a kusa da ita, dogayen gine-gine na jan bulo da tagogi sahu-sahu. Gidajen mutane ne yanzu, don haka daga waje za ka kalla.

Rana ta biyu ka ba masaƙar Quarry Bank da ke ƙauyen Styal, kusa da filin jirgin sama. A ganinmu nan ne ya fi dacewa da ɗan ma'aikacin masaƙa. Samuel Greg ya gina ta a 1784 a bakin kogin Bollin, kuma har yau masaƙar na nan cikakkiya, da ƙaton wilin da ruwan kogi ke juyawa don tada injina, da gidan da ake ajiye yaran da aka kwaso daga gidajen marasa galihu suna aiki don ci da kwana. Nan ana biya, kuma shiga gidan yaran da lokaci ne, adadin mutane ƙayyadadde. Ka karɓi tikitinsa da isarka, kada ka bari sai ka gama zaga masaƙar, don yakan ƙare da wuri.

Tambaya daga wani matashi a Maraɗi: Ni dai ƙwallo ce za ta kai ni. Yaya ake ziyartar Old Trafford da Etihad?

Amsa: Ɗan'uwa, ga tarkon farko. Tashar Metrolink mai suna Old Trafford a bakin filin kurket take, kuma daga can zuwa filin Manchester United akwai 'yar tafiya. Wadda ta fi kusa ita ce Wharfside. Na Manchester City kuwa, tashar Etihad Campus a ƙofar filin take.

Dukkan ƙungiyoyin biyu suna zagayawa da baƙi cikin filin, a ga ɗakin sauya kaya da hanyar fitowar 'yan wasa da wurin zaman masu horarwa, na tsawon sa'a guda da 'yan mintuna. Sai an saya ta shafin ƙungiyar tun da wuri. Ranar wasa ba a yin zagayen da aka saba, kuma akan sauya ranar wasa saboda masu haska shi a talabijin, don haka ka sake duba jadawali ana saura mako guda. Tikitin kallon wasa kada ka saya a hannun 'yan bakin ƙofa. Haramun ne a dokar ƙasar, kuma sau da yawa na'urar ƙofa ba ta karɓarsa. Babbar jaka ma ba a shiga da ita.

Ƙwallon kanta 'yar masana'anta ce. Ma'aikatan kamfanin jirgin ƙasa ne suka kafa United a 1878 da sunan Newton Heath, aka buɗe Old Trafford a 1910 a gefen rukunin masana'antu na Trafford Park. A jikin filin akwai agogon tunawa da haɗarin jirgin saman da ya rutsa da 'yan wasan United a birnin Munich ranar 6 ga Fabrairu 1958. Etihad an gina shi ne don wasannin ƙasashe renon Ingila na 2002, a wurin da a da mahaƙar kwal ta Bradford take, City ta koma can a 2003. In ka gama da Old Trafford, kada ka juya nan take. Salford Quays na kusa, tsohuwar tashar jiragen ruwa a ƙarshen hanyar ruwa mai tsawon mil 36 da aka buɗe a 1894 don manyan jirage su iso har cikin gari. An rufe tashar a 1982, yanzu ofisoshin BBC ne a wurin da gidan tarihin yaƙi, wanda shigarsa kyauta ce.

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Malaminmu ya ce tarihin Manchesta ya shafe mu. Ta yaya, kuma me zan gani da ido?

Amsa: Malama, gaskiya ya faɗa. Da yaƙin basasar Amurka ya katse audugar da bayi ke nomawa, daga 1861 zuwa 1865, masaƙu suka tsaya, yunwa ta shiga gidajen ma'aikata. Mutum-mutumin Abraham Lincoln, shugaban Amurka na lokacin, da ke Lincoln Square yana ɗauke da kalaman wasiƙar da ya aiko wa ma'aikatan garin a 1863. Tsoron sake faɗawa irin wannan hali na cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Manchesta a 1902, wadda ta zo ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa. Sun sa rai dogon da ya isa Kano a 1911 auduga zai riƙa ɗauko musu, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, masu saƙar gida kuma suna sayen audugar da daraja fiye da ta Turawa. Atamfar nan ta ABC a garin Hyde da ke gefen Manchesta ake buga ta, kafin a mai da aikin Akosombo a Ghana.

Ki shiga Royal Exchange da ke St Ann's Square, kasuwar da dillalan auduga ke haɗuwa. An daina ciniki a 1968, aka mai da wurin gidan wasan kwaikwayo a 1976. Ki ɗaga kai ki duba can sama a bango: allon farashi na nan da lambobin ranar ƙarshe, ba a taɓa su ba.

Sai tsohon zauren Chorlton-on-Medlock da ke All Saints, daura da Oxford Road, inda aka yi babban taron 'yan kishin Afirka karo na biyar a Oktoba 1945, da su Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta da Jaja Wachuku. Fuskar ginin ce ta rage, da allon tunawa a jiki, cikin harabar jami'ar Manchester Metropolitan. Ɗakin karatu na John Rylands da ke Deansgate ma kuɗin auduga ne ya gina shi. Matar attajirin ce ta gina don tunawa da mijinta, aka buɗe a 1900. Akwai rubuce-rubucen Larabci na hannu da yawa, har da wani ƙaton Alƙur'ani na zamanin Mamluk na Masar, amma ba kullum ake baje su ba, kuma ba kowace rana ake buɗe ginin ba.

Tambaya daga wata uwa a Kumasi: Da yara uku za mu je. Ina sallah, ina abinci, kuma wane lokaci ya fi?

Amsa: Hajiya, daga Mayu zuwa Satumba. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba su zo a jere cikin 'yan sa'o'i. A Yuni kuwa magariba sai bayan tara da rabi na dare. Ko yaushe kuka je, kowa ya riƙe rigar ruwa, ta fi lema amfani saboda iska.

Manchester Museum da ke Oxford Road kyauta ne, yara na son sa saboda ƙasusuwan manyan dabbobin da da kwaɗi masu rai, kuma akwai ɗakin sallah a ciki. Daga nan bas ɗaya zai kai ku Wilmslow Road a Rusholme, inda gidajen abincin halal suke jere, babban masallacin Victoria Park kuma na kusa. Kayan miya irin namu sai Moston Lane ko Cheetham Hill.

Ki kula da biyan kuɗin Metrolink. Babu shinge a tashoshin, akwai dai na'ura a kan dakali. Ki taɓa katin banki kafin ki hau, ki sake taɓa shi wannan katin bayan kin sauka. In kika manta na biyun za a cire miki kuɗi mafi yawa, in kuma kika shiga da kati kika fita da waya, na'urar za ta ɗauka mutum biyu ne. Kati ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka, don haka ki sayi tikitin yara a injin da ke tashar. Daga filin jirgin sama kuwa ku hau jirgin ƙasa zuwa Piccadilly, kamar minti ashirin ne, alhali Metrolink kan ci kusan sa'a guda. Babban zauren birnin na 1877 da ke Albert Square an rufe shi don gyara tun 2018, ki tabbatar an buɗe kafin ki sa shi a lissafi.