Tambaya da Amsa: Takobi muke ji, magana kuwa sai an kasa kunne

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan kusan duk saƙonnin da sunka shigo kan abu ɗaya ne, fina-finan tarihi masu dogon zango, na Turkawa da ake fassarawa da namu na gida masu dawaki da rawunna. Uku na ɗauka, sauran ku yi haƙuri shafi ne ya yi kaɗan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce, ɗiya huɗu gare ni, muna zaune Mabera cikin Sakkwato. Maigida ya kamu da son fim ɗin nan na yaƙi na Turkawa, kullum bayan isha'i sai an kunna a falo kowa na zaune. Toh wallahi yanzu autana ɗan shekara 7 ya maida muciyata takobi, ran nan har ya fasa ma yayanshi goshi. Abin da ya fi tada man hankali muna da baƙuwa, ɗiyar ƙanwar maigida da ta taho daga wajen Isa saboda halin da ake ciki, ran da anka nuna an ƙone wani ƙauye ana yanka mutane yarinyar nan tashi ta yi ta shige ɗaki, har safe ba ta runtsa ba. Na yi magana ya ce ai tarihin Musulunci ne. Shin ni ce na cika tsanani?

AMSA: Hajiya ba ki cika tsanani ba ko kaɗan. Maganar muciya ma da sauƙi, mu ma mun yi dokin kara mun yi faɗa da karan dawa tun ba a san Turkawa a talabijin ba, yaro sai ya kwaikwayi abin da ya gani, abin dubawa kawai shi ne wasan ya fara fitar da jini, a nan sai a taka birki. Amma yarinyar nan ita ce maganar. Wanda ya baro Isa ko Sabon Birni ko Rabah da daddare ba takalmi, in ya ga ana cinna ma bukka wuta ana ihu, shi ba tarihi yake kallo ba, abin da ya baro ne aka dawo mishi da shi har tsakiyar falo. Ita kanta baƙunta ta isa a kashe talabijin ɗin.

Batun cewa tarihin Musulunci ne kuwa, ki faɗa ma maigida cikin ladabi, in kin ga ya huce, cewa waɗannan fina-finan marubuta ne sunka zauna sunka tsara su don a sayar, asalin tarihin zamanin abin da aka rubuta kaɗan ne, sauran duk cikon mai labari ne. Yaƙi kam an yi, ba mai musu. Amma nuna wuƙa tana shiga maƙogwaro a hankali a hankali kyamara na matsowa, wannan ba malamin tarihi ya ce a yi ba, darakta ne ya ga hakan ke riƙe mai kallo.

Hukumar tace fina-finai ta ƙasa tana sa ma fim alamar shekaru, 12 ko 15 ko 18, kuma hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ware ƙarfe 7 zuwa 10 na dare a matsayin lokacin iyali a gidajen talabijin. Toh matsalar, wanda aka turo miki a memori daga shagon masu turi bai bi ta ƙofar kowa ba, ba alama ba gargaɗi. Don haka ku ne hukumar. Maigida ya fara kallon fitowar shi kaɗai a waya, wadda ya ga ba yanka sai a kunna ma kowa, wadda ke da yanka ya jira yara su kwanta. Ba ki ce ya daina ba, lokaci kawai kika nemi a canza, ina ga ba zai ƙi ba.

TAMBAYA: Ni dattijo ne ɗan fansho daga Runjin Sambo, jikana ke rubuta man wanga saƙo. Ina son wasannin tarihi ƙwarai amma ban jin mi suke cewa. In sarki na magana da waziri sai ka ce raɗa sukai, in na ƙara murya sai dawaki su taso kamar za su fasa man ɗaki, har maƙwabci ya taɓa leƙowa. Ɗiyana sun ce kunnena ne ya tsufa. Gaskiya ne?

AMSA: Baba Allah shi ƙara girma da lafiya. Ko da kunne ya rage, wannan karon ba laifinshi ba ne shi kaɗai, don jikan naku ma in zai faɗi gaskiya rimot ba ya barin hannunshi. Kuma ba mu kaɗai ba, a 2014 BBC ta nuna wani wasan tarihi a Ingila, mutum sama da 2,000 sunka kai ƙorafi wai 'yan wasan ƙunƙuni suke ba a jin magana, su da suke da kayan aiki na gani na faɗa kenan.

Ga yadda abin yake a na fassara. Asalin fim in za a sayar da shi wata ƙasa don a sa mishi wani harshe, ana ba da shi ne da layin sauti daban, kiɗa da ƙarar takubba da haniniya a gefe, muryoyin 'yan wasa a gefe, sai a cire muryar a ɗora sabuwa. Mai fassarar da ya sauko da fim daga intanet ba shi da wannan, komai a cakuɗe ya same shi kamar fura da nono, ba a raba su. Toh dabarar da ta rage mishi ita ce in zai yi magana ya danne sautin asali gaba ɗaya, in ya gama ya sake shi. Shi ya sa kuke jin sautin na nutsewa yana tasowa, kuma da an shiga fagen yaƙi inda ba fassara sai ya fashe da ƙarfinshi na asali. Ga shi kuma an matse fim ɗin ya ƙanƙance don ya shiga memori, an tura daga waya zuwa waya, wani ma an sake matse shi a WhatsApp.

Namu na gida kuwa ciwon daban ne, kuma shi ya fi ba ni haushi. Za a kashe kuɗi a hayar dawaki da lifidi da alkyabba, a kwashi mutane zuwa lokeshan, amma mai ɗaukar sauti shi ne na ƙarshe a kasafi, wani lokacin ma makirfon da ke kan kyamara ake dogaro da shi. Sarki na can nesa kan karaga, ya ja amawali ya rufe baki, in an maƙala mishi ƙaramin makirfo a ƙirji shaddar ce ke ta ƙara duk motsin da ya yi, janareto na ruri bayan katanga, iskar hunturu na kaɗawa. In an dawo situdiyo maimakon a kira ɗan wasa ya sake faɗin maganar sai a lulluɓe ta da kiɗa. Na taɓa kallon wani inda ana tsakar zaman fada ana shawarar yaƙi kana jin hon ɗin ɗan acaba, zamanin da ko keke bai zo ba.

Abin da za ku iya yi Baba, jikan ya shiga saitin sauti na talabijin, yawancinsu akwai zaɓin da ke fito da murya da wani mai daidaita ƙarfin sauti kar ya riƙa hawa da sauka, ya kunna su duka, ya rage bas. Talabijin ɗin yanzu shafal suke, sifikarsu ƙasa ko bango take kallo, ko ƙaramar sifika aka jona aka ajiye kusa da kujerarku za ku ji bambanci. In duk da haka har labarun rediyo kuna wahalar ji, toh a daure a je asibiti a duba kunnen, wani sa'in dauɗa ce kawai ta toshe.

Kuma ku lura da wani abu, ƙorafinku da na Hajiyar Mabera tushensu ɗaya. In ba a jin magana mi ya rage a fim ɗin tarihi in ba sara da suka ba? Yaro bai ji dalilin yaƙin ba, ihun kawai ya ji.

TAMBAYA: Yaya ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗanfodiyo. Ni fa ina ganin masu ƙorafin jini tsoro ne kawai, tarihi ai jini ne. Burina in yi fim kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ba zan ɓoye komai ba.

AMSA: Ƙanena Allah shi cika buri, amma ka koma ka sake karatu. Jini kam an zubar, Tabkin Kwatto a 1804, Tsuntsuwa inda ake ruwaito mahaddata Alƙur'ani wajen 200 sunka kwanta dama, Alwasa, faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Sai dai wuraren da za su sa mai kallo ya kasa tashi ba su ne ba. Ka ɗauki ranar da Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya ga halin wasu mutanensu ya canza, zuciyarshi ta ɓaci ya bar runduna da niyyar gabas, sai Kanawa sunka tsayar da shi ya zauna ya rubuta musu littafi kan yadda ake mulki. Ka ɗauki wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Alkanemi na Borno sunka yi ta musaya kan ko yaƙin ya halatta. Ko 1903, faɗan Giginya da Turawa sunka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris bai daɗe ba bindigar Turawa ta gama shi, abin da ya biyo baya shi ne fim ɗin, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli, Waziri Buhari kuma ya dawo gari cikin ruɗanin ko miƙa wuyan da ya yi ga Turawa daidai ne, har sai da ya nemi fatawar malamai. Duk wannan magana ce tsakanin mutane a zaune, kuma in makirfonka bai da kyau ka ga ka yi asara.

Sannan ka tuna jikokin kowane ɓangare suna raye, Gobirawa ma masu kallonka ne, wani ajinku ɗaya. Kafin ka nemi doki ko ɗaya ka je gidan tarihi na Waziri Junaidu ka zauna da masu kula da takardun, sannan ka nemo mai ɗaukar sauti ka tambaye shi nawa yake caji a yini.