Zauren Tambaya da Amsa: Manhajata ta tashi a laftof, ta ƙi tashi a saba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni nake kula da kwamfutocin wani kamfanin dillancin yadi da atamfa a Kantin Kwari. Muna da saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) guda ɗaya mai CentOS 7, wani nau'in Linux, wadda ke riƙe da lissafin kaya da na bashi. Na rubuta wata ƙaramar manhaja da C++ domin ta riƙa tura wa maigida rahoton ciniki kowace yamma, na haɗa ta a laftof ɗina mai Ubuntu 22.04, ta yi aiki lafiya lau. Da na kwafe ta zuwa sabar sai ta ƙi tashi, tana cewa "version GLIBC_2.34 not found". Na koma haɗa ta a kan sabar, nan kuma aka ce "cannot find -lssl". Da na shawo kan wannan, sai saƙonnin "undefined reference" suka cika allo, yawancinsu ɗauke da __cxx11. Wani abokin aiki ya ce in kwafi libc.so.6 na laftof in ɗora a kan na sabar. Shin in yi? Daga mai karatu, Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Don Allah kada ka yi. Kusan duk umarnin da ke kan Linux, har da ls da cp da ssh, da wannan fayil na libc.so.6 suke tashi, domin shi ne jigon glibc, babban laburaren tsarin, wato tarin ayyukan da manhajoji suke aro, kuma dole ne sigarsa ta dace da ta fayil ɗin da ke loda manhajoji, wato ld-linux-x86-64.so.2. Da zarar ka musanya ɗaya ka bar ɗaya, sabar za ta daina karɓar umarni, har umarnin da za ka mayar da tsohon fayil da shi, sai dai ka tashe ta da filashin ceto, alhali lissafin dukiyar mutane yana ciki.

Saƙonnin da ka gani daga wurare biyu suka fito, kuma rarrabe su shi ne rabin gyaran. Kompaila kamar mai yanka ne a shagon tela, yana fitar da gaba da baya da hannuwa daban-daban, linka kuma shi ne mai ɗinkin da ke haɗa su su zama riga. Wannan linka, wanda a yawancin sabobin Linux shi ne ld na kunshin binutils, lokacin gini yake aiki, kuma shi ya ba ka saƙo na biyu da na uku. Saƙon farko kuwa daga mai lodawa ya fito, wanda aikinsa shi ne nemo laburaren da manhaja take bukata a duk lokacin da aka tashe ta.

Dalilin saƙon farko tazarar shekaru ce. CentOS 7 ya fito a 2014 da glibc 2.17, kuma bai taɓa matsawa daga wannan siga ba, Ubuntu 22.04 kuwa glibc 2.35 gare shi. Masu kula da glibc suna liƙa wa kowane aiki da ke cikinsa lambar siga, kuma alkawarinsu fuska ɗaya yake kallo: abin da aka gina a kan tsohon glibc zai tashi a kan sabo, amma wanda aka gina a kan sabo ba shi da tabbas a kan tsoho. Lambar 2.34 tana yawan bayyana ne saboda a wannan siga ta 2021 aka sabunta __libc_start_main, aikin da kowace manhaja take farawa da shi, don haka ko manhajar da gaisuwa kawai take bugawa a allo sai ta nemi wannan lamba. Ka gudanar da objdump -T a kan manhajarka ka tace layukan da ke da GLIBC, za ka ga lamba mafi girma da take nema, sannan ldd --version a kan sabar ya nuna maka abin da ke akwai.

Batun -lssl ka riga ka wuce shi: abin da babu shi ne kunshin openssl-devel, wanda ake bukata wajen haɗa manhaja da OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai. Sai dai ka lura, OpenSSL na CentOS 7 siga 1.0.2 ne, na laftof ɗinka kuma 3.0, saboda haka idan ka kira aiki irin TLS_client_method, wanda sai a 1.1.0 ya shigo, ba za a same shi ba ko da kunshin yana nan.

Saƙo na uku ne ya fi tona asirin abin da ya faru. Ba ka faɗa ba, amma ina kyautata zaton ka taho da wani laburare ginanne daga laftof, mai ƙarewa da .a ko .so, ka haɗa shi da rubutunka a sabar. A 2015 kompaila mai suna GCC, a siga ta 5, ya sauya yadda ake tsara std::string da std::list domin su dace da ƙa'idar C++11, kuma don kada sabon tsari ya cakuɗu da tsoho aka sa wa sababbin sunayen alamar __cxx11. GCC na CentOS 7 siga 4.8.5 ne, bai san wannan tsari ba, shi ya sa linka yake neman sunayen da babu su a laburaren sabar. Maganin shi ne a gina komai, manhajarka da duk laburaren da ta dogara da su, da kompaila ɗaya a muhalli ɗaya. Idan bayan haka wasu "undefined reference" suka rage, ka duba jerin umarninka, domin ld daga hagu zuwa dama yake karantawa, kuma laburare irin -lssl da -lcrypto bayan fayilolinka ya kamata su zo.

Ga abin da nake ganin ya fi. Kada ka mayar da sabar da ake ciniki da ita wurin gwaji. Ka buɗe kwantenar CentOS 7, wato keɓaɓɓen muhalli mai kwaikwayon tsarin sabar, da manhajar Docker ko Podman a laftof ɗinka, ka gina komai a ciki, sannan ka kai wa sabar abin da ya fito. Idan rubutunka yana bukatar C++17, kunshin devtoolset zai ba ka sabon GCC wanda abin da ya gina yake tashi a kan tsohon tsarin. Ka san kuma cewa yum, umarnin da ke sauko da kunshi a CentOS, zai yi maka gardama har sai ka karkatar da shi zuwa vault.centos.org, inda aka mayar da ma'ajiyar.

Wannan mayarwa ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Tun ranar 30 ga Yuni, 2024 aka daina yi wa CentOS 7 gyaran tsaro, kuma sabar da ke riƙe da sunayen masu bashi da adadin kuɗinsu bai kamata ta zauna haka ba. Ka zauna da maigida ka yi masa bayani a natse, ku ware ranar da ba a ciniki, a ɗauki kwafin bayanai a gwada cewa yana buɗewa, sannan a koma AlmaLinux 9 ko Rocky Linux 9. Dukansu glibc 2.34 gare su, saboda haka ko a can ma a kwantenar da ta dace da su za ka riƙa gini, tunda laftof ɗinka yana gaba da su da siga ɗaya. Allah ya taimaka.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce. Haɗa aikina yana cin lokaci sosai a matakin ƙarshe, an ce in koma linka mai suna gold. Ya dace? Daga 'yar'uwarku a Kabuga.

AMSA: Malama, gold ya yi zamaninsa tun shigarsa binutils a 2008, amma masu kula da kunshin sun ayyana shi a matsayin wanda za a yi ritaya da shi tun siga 2.44 ta 2025. Ki gwada lld na LLVM ko mold, ta hanyar ƙara -fuse-ld=lld ko -fuse-ld=mold a umarninki. Na farko yana bukatar GCC 9 zuwa sama, na biyu kuma GCC 12.1, don haka ki fara duba gcc --version kafin ki sauya komai.