Ɗan ƙaramin karenmu, in ba shi ragowar abincin gida ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, ina gajiya, ya aiki ya zahi. Daga Tahoua nike rubuto maka. Ƙanena da ke aiki Yamai ya kawo ma yarana wani ɗan kare irin ƙananan nan masu gashi da ba su girma, watanshi 8, munka aza shi bisa kilo ya yi 4. Ya haɗo mu da buhun kuroket guda, busasshen abincin karnuka na kanti, ya ƙare, nan kuma samunshi da wuya ga tsada, to yanzu abin da munka ci shi yake ci, tuwo da miya, shinkafa da wake, dambu, wani sa'in yara su ba shi kilishi ko biskit. Kwana ukun nan na ga ba shi da kuzari kamar da, sai kwanciya. Maƙwabciyata ta ce ai kare kare ne, nasu na gadi komi yake ci shekara da shekaru bai mutu ba. Don Allah mi zan ba shi, mi zan hana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, lahiya lau, Allah ya saka da alheri da kinka damu da halin dabbar da ke hannunki. Kafin komi ina so ki aje wayar nan ki je ki ɗaga leɓenshi na sama ki dubi dasashinshi. Na lafiyayyen kare ja-ja ne mai haske, in kin danna da yatsa ya yi fari sai launin ya dawo kafin sakan 2. In kin ga ya yi fari fat ko ya yi ɗorawa-ɗorawa, ko fitsarinshi ya koma kamar ruwan shayi mai kauri ko jaja-jaja, ko yana haki daga ɗan tafiya kaɗan, to kar ki kwana da shi gida, ki kai shi wurin likitan dabbobi yau ɗin nan. Ba zan iya yanke abin da ke damunshi daga nesa ba, kaska ma na kawo ciwon da ke shanye jini haka, amma da na karanta abin da yake ci albasa ce ta fara zo mini a rai.

Maganar maƙwabciyarki akwai gaskiya ciki, sai dai ba ta yi lissafin nauyi ba. Karen gadi irin namu yana kai kilo 20 ko fiye, naki kilo 4 ne, abin da wancan zai lashe ya kwanta lafiya shi ne zai shiga jikin naki ninki biyar. Albasa da tafarnuwa suna da wani sinadari da mu mutane jikinmu ya iya da shi amma a kare yana lalata jajayen ƙwayoyin jini su riƙa fashewa, kusan giram 5 na albasa a kowane kilo na jikinshi ya isa ya fara ɓarna, kenan ga naki giram 20, bai kai rabin madaidaiciyar albasa ba. Dafuwa ba ta kashe sinadarin nan, suya ba ta kashe shi, shanya ma ƙara mishi ƙarfi take yi tunda ruwan ya fita, don haka gabu da ake dakawa a miya yana cikin lissafi. Kuma ba ranar da ya ci ake ganewa ba, sai bayan kwana biyu zuwa biyar, in kuma kullum kaɗan-kaɗan yake samu sai ya yi ta taruwa jikin bai samu sararin maida jinin da ya ɓace ba. Ke kuma kina Tahoua, ƙasar albasar Galmi, wace miya za a ɗora babu ita? shinkafa da wake a watsa soyayya a kai, dambu da kopto a yanka ɗanya, kilishi ma akwai ta cikin kayan haɗinshi ga gishiri ga yaji. Na sha ganin irin wannan a wurin aiki, an kawo ɗan kare a rungume cikin zane kanshi na lilo, masu shi suna rantsuwa bai ci guba ba abincin gida kawai suke ba shi, kuma gaskiya suke faɗa.

Ban ce ki daina ba shi daga tukunyarki ba, cewa nike ki cire mishi nashi kafin ki sa kayan miya. Lokacin da kinka tafasa nama ko kaza, ki raba ɗan nashi a ƙaramar tukunya da ruwa zalla, ba gishiri ba Maggi ba Jumbo ba kanwa ba tonka, ki zare ƙashi da fata da kitse ki yayyaga mishi. Farar shinkafa ko tuwon hatsi ko na masara ba miya, ki jiƙa da romon nan nashi. Sai ɗan dafaffen kabewa ko karas ko dankali mai zaƙi cokali ɗaya ko biyu. Dafaffen ƙwai yana da kyau sosai, kifi ma in kin tsince ƙaya tas. Kare mai kilo 4 abin da yake buƙata a wuni bai wuce kalori 300 da ɗan wani abu ba, misali nama giram 80 da dafaffiyar shinkafa giram 100 da ɗan kabewan nan, a raba safe da rana da dare tunda har yanzu yaro ne kuma ƙananan karnuka sukarin jininsu na saurin faɗuwa in sun daɗe ba su ci ba. Nama da shinkafa kaɗai ba su da sinadarin da ke gina ƙashi, to ki wanke ɓawon ƙwai ki tafasa ki shanya ki daka ya yi laushi kamar gari, kwatan ƙaramin cokali a wuni cikin abincin. In ƙanenki zai iya aiko da kuroket daga Yamai lokaci-lokaci ki riƙa haɗawa rabi da rabi ya fi, don abincin gida komi kyaunshi sai an samu abin da ya rasa.

Ƙashi kuwa ina roƙonki ki ja ma yara kunne. Mun taso muna ganin kare da ƙashi sai muke ɗauka haƙƙinshi ne, amma dafaffen ƙashin kaza ko na zabo tsagewa yake yi kamar tsinke, ya maƙale a maƙoshi ko ya huda hanji, kuma hanjin irin naki bai fi kaurin yatsanki ba sosai, ƙwallon dabino ɗaya ma yana iya toshe shi, balle na mangwaro ko totuwar masara.

Akwai wasu da mutane ba su kawo su a rai. Goro, shi da shayi da Nescafé da shokola duk gida ɗaya ne, suna da abin da ke sa zuciyar kare bugu da sauri, jiki ya yi ta rawa har ya kai ga farfaɗiya, baƙar shokola giram 15 ta isa ta tada ma naki hankali, kuma in akwai fada ƙofar gidanku a lura da ganyen shayin da samari ke zubarwa in sun gama zagaye na uku, zaƙin sukarin ke jan shi. Inabi da zabibi suna kashe ƙodar kare, ba a ba shi ko ƙwara ɗaya, kuma likitoci a Amurka sun danganta abin da wani tsami da ke cikinsu wanda tsamiya ma tana da shi da yawa, an kuma ga karnukan da ƙodarsu ta taɓu bayan sun ci tsamiya, don haka kunun tsamiya ba nashi ba ne. Cingam da alawa da aka rubuta ba sukari, wasu ana sa musu wani sinadarin zaƙi da ake kira zilitol, guda ɗaya ko biyu na iya kada kare ƙarami cikin awa ɗaya. Kwaɓin fanke ko na burodi mai yis da bai dahu ba yana ci gaba da kumbura cikin tumbi. Madara kuma yawancin karnuka in sun wuce yaye zawo take sa su, nono mai tsami ya fi sauƙi amma cokali ɗaya ya isa, hura mai sukari da yaji a bar ma mutane. Biskit da yara ke ba shi ba guba ba ne in babu shokola ko zabibi, sai dai sukari ne da mai, gara su ba shi ɗan yankan kankana da anka cire ma ƴaƴa ko guntun karas, duk irin wannan ɗan toshiyar baki kar ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinshi.

Lokacin layya shi ne lokacin da nike fi jin tsoro ma waɗannan ƙananan, gida ya cika da suya kowa ya wuce sai ya jefa mishi kitse don tausayi, kitse mai yawa a tashi ɗaya yana kumbura wani sashe na cikinshi da ke taimakon narka abinci, sai amai ba tsayawa, ya ƙanƙame ciki ya ƙi a taɓa shi. Huhu da hantar rago kuma kar a jefa mishi ɗanye, musamman wanda anka ga ƙullutu mai ruwa a ciki anka yar, wannan ƙullutun tsutsa ce, in kare ya ci tana girma a hanjinshi ƙwanta su fito a kashinshi, yaran da ke wasa da shi su ɗauka. A binne shi da zurfi ko a ƙone. Hanta mai kyau a dafa, ɗan guntu sau ɗaya ko biyu a sati.

Da zafin nan na watan huɗu da na biyar abinci ba ya jimawa, abin da bai cinye ba cikin rabin awa ki ɗauke, wanda ya yi tsami ko ya yi hunhuna kar a ce bari a ba kare, kwanonshi daban a wanke kullum, ruwa mai tsabta a inuwa kar ya yanke.

In ya faru ya haɗiye ɗaya daga cikin abubuwan nan, kar a ɗura mishi ruwan gishiri ko mai ko madara wai ya yi amai, gishirin kanshi na iya kashe shi, kar kuma a ba shi farasetamol ko ibuprofen namu na mutane. A kai shi cikin awa biyun farko, a nan ne likita ke iya fidda abin kafin ya bi jini. Yanzu dai daga yau ki yanke mishi miya gaba ɗaya, ko da kin ga dasashin da kyau ki kai shi a duba tunda kwana uku kenan yana kwance, ki faɗa ma likitan duk abin da ya ci cikin satin nan har kilishin, ki ce a auna jininshi a duba kaska cikin kunnuwa da tsakanin yatsu, ki kuma tafi da takardar rigakafinshi in ƙanenki ya ba ki, in ba a yi mishi ta haukan kare ba a sa rana da zarar ya murmure. Allah ya ba shi lafiya, ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna.