Tambayoyinku: Firintar 3D tana ƙwas-ƙwas, roba ta daina fita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar firintar 3D a shagona a Zariya, ina buga maƙalan makulli. Kwanan nan sai ta fara aiki lafiya, bayan kamar rabin awa in ji tana ƙwas-ƙwas, roba ta daina fita. Na sa sabon nozul, wato bakin da narkakkiyar roba ke fitowa ta cikinsa, amma ba ta canza zani ba. Ko injin ne ya mutu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, injinka lafiyarsa ƙalau. Ƙarar da kake ji giyar da ke tura zaren roba ce take zamewa saboda ta tarar da hanya a toshe. Tunda kuma sai an jima ana aiki matsalar ke tasowa, zafi nake zargi. Zaren PLA, wani nau'in robar bugu, ana narkar da shi a digiri 190 zuwa 220 na ma'aunin Celsius, amma tun daga wajen digiri 60 yake fara laushi. Shi ya sa aka sa 'yar fanka a saman nozul, tana hura wani ƙarfe mai haƙarƙari don kada zafi ya hau sama. In ƙurar hunturu ta daskare a fikafikanta, ga shago ya ɗauki zafin bazara, sai zaren ya kumbura tun bai iso inda zai narke ba, ya maƙale. Ɗumama nozul ka zaro zaren ka duba bakinsa. In ya yi kauri kamar kan ashana, to shi ne. Cire wuta, ka share fankar da busasshen burushi, in ba ta juyawa da ƙarfi ka canza ta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Amma canjin nozul ɗin nan ma ina da magana a kai. A na'urori irin su Ender 3, farin tiyon da zare ke bi yana sauka har ya zauna daram a kan nozul. In aka ɗaura nozul da sanyi, ko bakin tiyon ya ƙone, sai a bar 'yar kafa a tsakani, narkakkiyar roba ta taru a wurin. Zaro tiyon, ka yanke ƙonannen bakin a miƙe da reza, ka tura shi har ƙarshe, sannan ka ƙarasa ɗaure nozul yana da zafi. Ka kula da yatsunka.

Tambaya: Malam, tun shigowar damina abin da na buga yake fitowa da gashi-gashi, nozul kuma yana tartsatsi. Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, zarenki ne ya sha danshi, ruwan da ke ciki ke tafasa a nozul. A busar da PLA a digiri 45 zuwa 50 na awa 4 zuwa 6. Don Allah kada ki shanya shi a rana ko ki bar shi cikin mota, zai manne da juna ki yi asarar nadin gaba ɗaya. Bayan ya bushe, ki riƙa ajiye shi a bokiti mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalinsa.

Tambaya: In aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, aikin ya lalace ke nan?

Amsa: Ba lallai ba. Na'urori da yawa suna tuna inda suka tsaya. Inda gizo ke saƙar shi ne faranti mai zafi da ake bugu a kansa: in ya huce, abin da ake bugawa yakan saki, daga nan ba gyara. Ga aikin awa 10, inbata ce mafita. Ko da wuta ma, kada a kashe firinta da an gama, a bar fankar tana juyawa har nozul ya sauko ƙasa da digiri 50, in ba haka ba toshewar da ta sami ɗan'uwanmu na Zariya tana nan tafe.