Ginshiƙan Landan a Ƙofar Gidana: Za Su Ɗauki Baranda?

Tambaya: Na shiga gidan zane-zane na National Gallery da ke dandalin Trafalgar a Landan, ginshiƙan ƙofarsa suka tafi da hankalina. Na nuna wa birkilana hoton, ya ce akwai na sayarwa, mu kafa biyu mu ɗora baranda a kai. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Injiniya, za su ɗauka?

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ginin da ka gani William Wilkins ne ya tsara shi, aka buɗe shi a 1838, da ginshiƙai takwas a gaba salon Korinti, wato masu ado kamar ganye a ka. Dutse ne zalla. Ka sake duba hoton, za ka ga sun matso kusa da juna. Dutse yana jure danni, amma in aka shimfiɗa shi a kan tazara mai faɗi sai ya tsage daga ƙasa. Shi ya sa tun Girkawan da suka gina haikalin Parthenon a Atina ba su yarda su nisanta ginshiƙai ba.

To wanda birkilanka yake nufi fa? Riga ce kawai. Siminti ake zubawa a mazubi, a fito da ɓari biyu a haɗe, cikinsa fanko. Ƙwanƙwasa shi da makulli ka ji ƙarar ganga. Kusan kullum sai na tarar da wanda ya ɗora kankare a kan irin wannan, in na yi magana a ce "ai ga kaurinsa, Injiniya". Kauri ba ya ɗaukar kaya! Na taɓa zuwa wani gida inda aka cusa ɓaraguzan bulo da turɓaya a cikin fankon, aka shafe da fenti fari fes, yara na wasa a ƙarƙashi. Da na tambayi magini ina rodi, sai ya ce shekara ashirin yana gini bai taɓa zubowa ba. Haka kowa ke cewa kafin ranar.

Abin da ke ɗaukar baranda shi ne fila ta kankare da rodi, wadda ta taso daga harsashinta a ƙasa ta haɗe da bim ɗin sama, wato kankaren da ke kwance a kan filoli. Girman rodin da yawansa lissafi ne, injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, zai fitar maka bayan ya ga ƙasar wurin da faɗin barandar. In an zuba ta ta bushe, sai a sa mata rigar adon. In kuwa an riga an kafa na sayarwan, kada a zuba kankare a kai sai injiniyan ya zo ya duba.