Maganin kitsen jini yana sa ni ciwon jiki

Tambaya: Likita, bara na yi ciwon zuciya, aka ɗora ni a kan atorvastatin miligiram 80. Tun daga nan cinyoyina ke ciwo, ko tashi daga sujada sai na dafa bango. In daina ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah kada ka daina da kanka, domin maganin nan shi ke tsare ka daga bugun zuciya na biyu. Koma wurin likitanka ya duba maƙoƙo da ƙoda da sauran magungunan da kake sha, domin irin su clarithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, suna tsananta ciwon.

Abin da na fi so ga irinka shi ne a rage ƙarfin maganin, a haɗa da ezetimibe, wanda ke hana hanji tsotsar kolestirol, wato kitsen jini. An gwada haka a Koriya ta Kudu a kan mutum 3,780, aka fitar da sakamakon a 2022. Waɗanda suka sha rosuvastatin (ɗan'uwan atorvastatin) miligiram 10 tare da ezetimibe sun sami kariya daidai da masu shan rosuvastatin miligiram 20 shi kaɗai, kitsensu ya fi sauka, kuma masu barin magani saboda illa sun fi ƙaranci a cikinsu.

Akwai kuma allurar evolocumab mai rage mugun kitsen da fiye da rabi, sai dai tsadarta ba ta talaka ba ce.

Rage man shanu da kitsen suya. Idan kuwa fitsarinka ya yi duhu kamar baƙin shayi, ajiye maganin ka tafi asibiti a ranar.